Abin da Iyaye Ke Nema a Wajen Malamar Rabin Aji

A ƙasar Hausa ba yau aka fara ɗaukar ƙaramin yaro a damƙa shi ga wanda bai haife shi ba domin ya koya masa wani abu. Tun kafin zuwan boko, da zarar yaro ya kai shekara huɗu ko biyar, bakinsa ya buɗe har ya iya ƙirga ɗaya zuwa goma, sai uba ya kama hannunsa ya kai shi zauren malam. Abin da uban yake nema a wancan zamani sananne ne, kuma ba shi da yawa. Yana son ɗansa ya riƙe Fatiha da gajerun surori, ya shiga babbaƙu, daga nan ya wuce farfaru, ya kuma iya durƙusawa ya gai da na gaba. Ba ya yanka wa malam lokaci. Ba ya zuwa bayan wata uku ya tambayi na nawa yaron ya zo a cikin 'yan'uwansa. Ya san malamin, ya san gidansu, wataƙila ma a bayansa yake sallar asuba. Ran Laraba ya aika da ɗan abin sadaka, sauran kuma ya bar wa Allah.

Yau al'amarin ya sauya kama. Yaron da ake kaiwa makaranta ya ƙara ƙanƙanta, wanda ake damƙa masa shi baƙo ne, kuɗin da ake biya sun yi nauyi, abin da ake nema kuma ya yi yawa har wani yana karo da wani. Duk mai son ganin wannan sauyi da idonsa, unguwar Hotoro ta ishe shi misali.

Hotoro tana gabashin birnin Kano, a kan titin Maiduguri, kuma tana da mazaɓu biyu a ƙaramar hukumar Nasarawa, wato Hotoro ta Arewa da Hotoro ta Kudu. A nan ne defon man fetur na NNPC yake, da barikin 'yan sandan kwantar da tarzoma, da babbar gadar da aka buɗe a shekarar 2023 a shataletalen unguwar. Wuri ne da ya tara mutane iri-iri. Akwai layukan manyan gidaje masu dogayen katangu, akwai kuma lunguna masu cunkoson gidajen haya. Daga Tsamiyar Boka zuwa Ɗanmarke, da wuya mutum ya ratsa layi biyu ko uku bai ga allon wata makarantar kuɗi ba, an zana mata hoton tuffa da ƙwallo da kyanwa a jikin bango. Tsakanin bakwai da takwas na safe adaidaita sahu da babura da motocin gida sukan yi ta sauke yara a bakin waɗannan makarantu, wasu ba su wuce shekara biyu da rabi ba, da jaka a baya wadda ta kusa rinjayarsu, da kwandon abinci a hannu.

Kai yaro makaranta da wuri haka yana da dalilansa. A babban gida irin na da, yaro yana da kaka da gwaggo da yayye, ga kishiyoyin uwa da matan baffanni, duk inda ya juya akwai ido a kansa. A gidan haya na yanzu kuwa, miji ne da mata da 'ya'yansu kawai. Uba ya yi sammako zuwa Kantin Kwari ko Singa ko ofis, uwa kuma malama ce ko ma'aikaciyar jinya, ko ɗaliba ce da lacca ke jiranta, ko kuwa tana da sana'ar da ta cika mata hannu a cikin gida. Bayan haka akwai gasa, domin makarantun firamare da suka yi suna sukan gwada yaro kafin su karɓe shi. Ta haka ne rabin aji, wanda a da bai wuce yaro ya bi yayansa ya zauna a bayan 'yan aji ɗaya ba, ya zama karatu na shekara biyu ko uku mai kayan makaranta da jarrabawa da bikin yayewa. Shi ne ake kira nazare, kuma mafi yawan masu riƙe da shi mata ne, waɗanda yara ke kira Anti.

Abin da ake faɗa da baki

Idan aka kasa kunne a bakin ƙofar irin waɗannan makarantu lokacin tashi, za a ji bukatun iyaye suna ta maimaita kansu. Ta farko, wadda ta fi kowace ƙarfi, ita ce Turanci. Uwa takan ja malama gefe ta ce, "Malama, yau wata biyu ke nan, amma har yanzu yaron nan Hausa yake yi mini a gida. Ɗan maƙwabciyarmu sa'ansa ne, ga shi har ya fara gaisuwa da Turanci." Ta biyu ita ce littafi cike da rubutu. Uba yakan ce, "Malama, jiya na duba jakarsa ban ga jinga ba. To me ke nan muke biya wa kuɗi?" Ta uku ita ce matsayi. Ranar karɓar takardar sakamako, ido ba ya tsayawa a kan bayanin da malama ta rubuta game da halin yaro, sai ya zarce kai tsaye inda aka sa na nawa ya zo. Ta huɗu ita ce addini da tarbiyya: a koya masa addu'ar cin abinci da ta shiga banɗaki, ya riƙe gajerun surori, ya daina zagi, ya iya gaisuwa. A kan horo kuwa iyayen kansu ba su da baki ɗaya. Wani yakan ce, "In ya yi rashin ji ki zane shi, ni ma haka aka yi mini." Wani kuma ɗan ƙwarzane zai gani a hannun 'yarsa ya zo da safe yana neman a kori malama.

Kuskure ne babba a ɗauki waɗannan iyaye a matsayin waɗanda ba su san abin da suke yi ba. Uban da ke neman Turanci ya san cewa duk wanda bai ci Turanci a jarrabawar gama sakandare ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, wataƙila ma shi kansa a nan ya tsaya. Wanda ke neman jinga kuma gumi ya yi kafin ya haɗa kuɗin zango, ga shi ba shi da hanyar sanin abin da ke gudana bayan an rufe ƙofar makaranta. Ma'auninsa biyu ne kacal: littafin da ke cikin jaka da abin da ya fito daga bakin yaro. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, saboda haka abin da zai gani shi yake nema.

Sai dai wannan nema yana da abin da yake haifarwa. Mai makarantar kuɗi ɗan kasuwa ne, ya kuma san cewa a layin da ke bayansa akwai wata makarantar da ke jiran iyayen da suka yi fushi. Don haka abin da iyaye suka nema shi zai umarci malama ta samar, ko ta halin ƙaƙa. Sai malama ta kama hannun ɗan shekara uku ta riƙa jan fensir da shi har shafi ya cika, rubutun nata ne, sunan na yaro. Sai a tsayar da yara su yi ta rera jihohi 36 da manyan biranensu, alhali ba su san sunan unguwar da suke kwana ba. Sai a koya musu tuffa da dusar ƙanƙara, a bar mangwaro da goriba da hazon hunturu da suke gani da idonsu. Jingar da aka ba yaro kuma, da dare uwa ce ko yayarsa za ta zauna ta yi, da safe malama ta sa jan biro ta ba shi goma bisa goma. Kowa ya san gaskiyar lamarin, kowa kuma ya yi shiru.

Batun matsayi ma akwai abin dubawa a cikinsa. A aji ɗaya ana samun yaron da aka haifa a watan Janairu da wanda aka haifa a Disamba na shekara guda. Ga babba wata goma sha ɗaya ba wani abu ba ne, amma ga ɗan shekara uku ko huɗu, wannan tazara ta kai kwata ko sulusin rayuwarsa gaba ɗaya. Idan aka jera su aka ce wannan ne na ɗaya, wancan ne na talatin, sau da yawa watannin haihuwarsu aka auna, aka kira su ƙoƙari da daƙiƙanci. Wanda ya zo na talatin kuma ya tafi gida da sunan da zai iya binsa har girma.

Abin da manufar ilimi da masana suka ce

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi ta sabunta ta, ta yi bayani a kan wannan mataki na karatu. Bugun 2004 ya jera dalilansa: sauƙaƙa wa yaro fita daga gida zuwa makaranta, shirya shi domin firamare, kula da shi lokacin da iyaye ke gona ko kasuwa ko ofis, cusa masa ɗabi'un zaman jama'a, tada masa sha'awar bincike da ƙirƙira, koya masa haɗin kai da tsabta. Haruffa da lambobi da launuka su ne suka zo a ƙarshen jerin, kuma an ce tushensu kawai za a koyar, ta hanyar wasa. An kuma ƙayyade cewa kada yara su wuce 25 a hannun malami ɗaya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, bugun manufar na 2013 kuma ya ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. Mai lura zai ga cewa abin da iyaye suka sa a gaba, shi manufar ta sa a baya.

Wannan ra'ayi yana da dogon tarihi. Friedrich Froebel, wanda a 1840 ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara a Jamus sunan da ke nufin lambun yara, ya ɗauki yaro a matsayin tsiro, malami kuma mai ban ruwa. Maria Montessori, wadda makarantu da yawa a Kano ke rubuta sunanta a allunansu, ta buɗe gidan yaranta na farko a 1907 a wata unguwar talakawa ta birnin Rum, kuma ginshiƙin hanyarta shi ne a bar yaro ya yi aiki da hannunsa, ya zuba, ya jera, ya share, ya ɓalle maɓalli, kafin a kai ga fensir. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ba da shawarar cewa ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a kowace rana, da barcin awa 10 zuwa 13, kuma kada a tsare shi a zaune fiye da awa guda a lokaci ɗaya. Yaron da aka dasa a kan benci daga takwas zuwa sha biyu yana kwafar rubutu ya yi nisa da wannan ma'auni.

Akwai wani bincike da aka fara a 1962 a garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka, wanda aka fi sani da sunan makarantar Perry. An ɗauki yara 123 'ya'yan talakawa, 'yan shekara uku da huɗu, aka sa wasu a rabin aji mai inganci, aka bar wasu, sannan aka yi ta bin rayuwarsu har suka kai shekara arba'in. Fifikon da na farko suka nuna a gwajin ƙwaƙwalwa ya dushe bayan 'yan shekaru a firamare. Amma da girma ya zo, sai aka tarar sun fi sauran gama sakandare da samun aikin yi, kuma 'yan sanda ba su kama su kamar yadda suka kama sauran ba. Masana da dama, cikinsu har da James Heckman wanda ya sami lambar Nobel a 2000, sun danganta wannan da halayen da yaran suka samu tun suna ƙanana, irin su juriya da kamun kai da iya zama da mutane. Wani abin lura kuma shi ne, malaman wannan makaranta sukan ziyarci gidan kowane yaro duk mako su zauna da uwarsa.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga koyo ta hanyar wasa. Yarinyar da ke carafke tana ƙirga, tana kuma horar da yatsun da za su riƙe alƙalami. Mai langa da mai 'yar gala-gala suna koyon daidaita jiki da jiran layi da karɓar kaye. Mai gina ɗaki da jiƙaƙƙiyar ƙasa ko ƙera motar kara yana auna tsawo da faɗi. Wanda ya saurari tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi har ya iya maimaita ta daga farko zuwa ƙarshe ya koyi jeranta tunani, wanda shi ne tushen insha'i. Duk waɗannan ba sa cin kuɗi, aibinsu ɗaya a idon mai biyan kuɗin makaranta shi ne ba sa shiga jaka a kai gida.

Batun harshe ya fi kowane sarƙaƙiya, domin hukuma kanta ta yi ta kai gwauro ta kai mari a kansa. Bugun 2004 ya ce a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da a yi haka har ƙarshen firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilimi ya ba da sanarwar soke wannan tsari da komawa ga Turanci. Amma gwajin da Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 yana nan a tarihi: yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. A nan Nasarawa ma, makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a 1909 da Hausa ta fara koyar da boko. Ko wace manufa ce ke ci, abu ɗaya ba ya sauyawa: ɗan shekara uku da ƙishirwa ta kama, ko fitsari ya matse shi, ko wani ya cije shi, da harshen uwarsa zai faɗa. Idan aka hana shi Hausa da tsawa, shiru zai yi, yaron da ya koyi yin shiru a aji kuwa an toshe masa babbar ƙofar koyo. Malama mai hikima takan shigo da Turanci ta waƙe-waƙe da sunayen abubuwa da gajerun umarni, ta kuma bar ƙofar Hausa a buɗe.

Abin da ba a faɗa

A ƙarƙashin duk waɗannan bukatu akwai wata da iyaye ba su cika furtawa ba, domin suna ganin ba ta bukatar faɗa, ita ce amana. Mutanen Kano ba za su manta da abin da ya faru a watan Disamba na 2021 ba, lokacin da aka sace wata yarinya 'yar shekara biyar a cikin wannan ƙaramar hukuma ta Nasarawa, daga baya aka gano cewa mai makarantar kuɗin da take zuwa ne ya sace ta ya kuma kashe ta. A watan Janairu na 2022 gwamnatin jihar ta janye takardun izinin makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su, a watan Yuli na wannan shekara kuma babbar kotu ta yanke wa mutumin hukuncin kisa. A waɗannan kwanaki babu uwar da ta tsaya tambayar jinga. Tambayar kowa ita ce: wane ne wannan da nake miƙa wa ɗana kowace safiya?

Irin wannan ta'asa ba kullum take faruwa ba, amma amana kullum ana gwada ta a ƙananan abubuwa. Wa aka ba yaro da aka tashi, kuma an san shi? A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, yaron da ke ƙarƙashin rufin kwano ya sha ruwa kuwa? Da ya ɓata wandonsa, an wanke shi cikin sutura ko an tsayar da shi 'yan aji suna dariya? Da ya faɗi ya bugi kai, an gaya wa uwarsa ko an goge wurin an yi shiru? Da jikinsa ya yi zafi, an lura? Yaro ba shi da sirri, duk abin da ya ji a ɗakin iyayensa zai kawo wa Anti, to ita Anti ta binne ko ta kai ɗakin malamai? Ɗan Alhajin da ke aiko da atamfa da salla da ɗan mai gadin da kuɗin makarantarsa ke makara, fuska ɗaya suke samu? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a takardar sakamako, amma da za a tilasta wa kowace uwa ta zaɓa tsakaninsu da Turanci, an san wanda za ta ɗauka.

Ita kuma malamar fa?

Adalci ne a juya a dubi wadda aka ɗora wa duk wannan kaya. A makarantu da yawa, wadda ta fi kowa ƙarancin karatu da ƙarancin albashi ita ake turawa rabin aji, bisa tunanin cewa ai ƙananan yara ne, kowa ma zai iya. Alhali kuwa takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, kuma Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ta ware kula da ilimin ƙananan yara a matsayin fanni mai zaman kansa. Dokar 2024 ta sa mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000, amma da yawa daga cikin malaman nazare na ƙananan makarantun kuɗi ba sa ganin haka a ƙarshen wata. Sai a ba mace ɗaya yara talatin ko arba'in ba mataimakiya, a ce ita ce uwa, ita ce malamar jinya, ita ce alƙali, ita ce mai wanki, kuma a zo ana tuhumarta a kan jinga. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Uban da ke son a riƙe masa amana yadda ya kamata, ya dace ranar da ya je neman gurbi ya tambayi yara nawa ne a ajin, da irin horon da malamar ta samu, da ko ana biyanta a kan lokaci, kafin ya tsaya kallon fentin bango.

Inda hannu biyu za su haɗu

Babban aikin da ke gaban malamar da ta samu horo shi ne ta rarrabe tsakanin abin da iyaye ke faɗa da abin da ke zuciyarsu. Amana ba ta da ragi, dole ta cika ta ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Sauran bukatun kuwa abin zama ne a tattauna. Raina iyaye ba zai kai ta ko'ina ba, yaudararsu da littafin da ita ta cika kuma cin amana ne. Abin da ya rage mata shi ne ta ba su wani abin gani a madadin wanda suke nema. Tun farkon zango ta tara su ta bayyana abin da za a yi da dalilinsa. Ta ajiye zanen da yaro ya yi a makon farko da wanda ya yi a na ƙarshe, ta shimfiɗa su a gaban uba ya ga yadda da'ira ta fito daga cikin kwarafniya. Idan uwa ta zo ɗaukar ɗanta, ta samu magana takamaimiya: "Hajiya, yau shi ya sa takalminsa da kansa, ya kuma ƙirga mana marafan kwalba har goma sha biyu yana taɓa kowane. In kun je gida ki ce ya ba ki labarin da muka yi." Uwar da ta ji haka sau biyu ko uku, da kanta za ta rage tambayar na nawa ya zo. Haka kuma idan malama ta lura yaro ba ya juyowa in an kira shi daga baya, ko maganarsa ta makara ƙwarai, ko yana kai littafi dab da ido, wajibinta ne ta faɗa wa iyaye cikin ladabi da sirri domin su kai shi asibiti, ko da maganar ba za ta yi musu daɗi ba.

Iyaye ma akwai nasu kason, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron da ya kai sha ɗaya na dare yana kallon waya, aka tashe shi da asuba aka tura shi ba karin kumallo, babu malamar da za ta iya da shi. Wanda ya tashi daga boko da azahar, ya wuce Islamiyya da la'asar, ya dawo ya tarar da malamin darasin gida yana jiransa bayan magariba, an cinye masa lokacin wasan da jikinsa da ƙwaƙwalwarsa ke bukata. Hira da yaro, amsa tambayoyinsa marasa ƙarewa, tatsuniyar dare, aikensa ya ɗauko cokali uku ko albasa biyu, duk karatu ne, kuma gida ya fi makaranta iya su. Sannan uban da ya ci mutuncin malama a gaban ɗansa ya rushe da bakinsa abin da ya biya kuɗi a gina.

Iyaye sukan kafa hujja da karin maganar nan da ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne. Sai dai duk wanda ya taɓa tanƙwara ɗanyen reshe ya san cewa a hankali ake bi da shi, in aka yi masa da ƙarfi tsagewa yake yi, tsagar kuma tana nan a jikinsa ko bayan ya bushe. Ɗalibin kwalejin ilimi da za a tura koyarwar gwaji, ko wanda zai kama aiki a ɗaya daga cikin makarantun Hotoro, zai tarar da iyaye a bakin ƙofa da bukatunsu, da mai makaranta a ofis da lissafinsa. Ma'aunin da ya kamata ya riƙe shi ne yaron da zai miƙa wa malamin aji ɗaya: lafiyayye, mai iya zama ya saurara, mai iya buɗe baki ya yi tambaya ba tsoro, wanda yatsunsa suka yi ƙwarin riƙe fensir, ya san gaisuwa da jiran layi, kuma idan gari ya waye shi ne ke gaggauta uwarsa a tafi makaranta. Wanda ya samu wannan, karatu da rubutu da Turanci za su same shi a kan lokacinsu, iyayensa kuma sun karɓi abin da suka biya, ko da ba da wannan sunan suka nema ba.